Kayan Tsohuwar Kafireta: Yadda Ake Nemansu a Damagaram

Tsohon babur a Damagaram ba kasafai inji ke kayar da shi ba. Kafireta ce ke fara gazawa. Da hunturu, hazo na kutsawa ta matatar iska yana cin duk abin da ke motsi a cikinta. Sauran watanni kuma man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ne ke kawo nasa rabon na yashi da ɗigon ruwa. Tun ƙarshen 2011 matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut take aiki, amma ko man da ya fito tas daga can, kafin ya bi ta jarka da mazurari da kwalba ya isa tankin ɗan kabu-kabu, ya kwashi abin da ya kwasa. Ramin da mai ke bi a ƙaramin jiklar bai kai rabin milimita ba. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa magidanci turin babur da tsakar rana daga Birni zuwa Zango.

Baburan da nake nufi su ne waɗanda kayansu na asali suka daina zuwa: Yamaha Mate da YB100, Suzuki A100, Honda CG125 ta Japan da ƴan uwanta C70 da C90, DT125 da malaman gona da na dabbobi suka yi ta keta yashi da ita, mobilet irin Peugeot 103 da Motobécane, da Vespa da wasu dattawa suka ƙi rabuwa da ita. Yanzu har Kasea da Jincheng na farko-farko sun shiga sahun tsofaffi.

Abin da ya fi cin kuɗin mutane shi ne a shiga shago a ce "a ba ni kafiretar CG," ko "jiklar ɗin Mate nake so." Sunan da ke jikin tanki ba ya sayen kayan kafireta. Babur mai shekara 30 ya ratsa hannun kanikawa bila adadin, kowa ya cire wani abu ya sa wani. Sau da yawa kafiretar da ke jikinsa ba tasa ba ce, ko kuwa gangar jikin tasa ce amma cikinta tarkacen babura uku ne. Ƙarfen da ke hannunka shi za ka saya wa kaya. In kuwa ƙarfen nan na asali ne, ɗan Japan, to ya fi duk wata sabuwa da ke rataye a shago daraja, ko da ya yi baƙi ƙirin.

Ka fara tabbatarwa ita ce mai laifin

Kafireta ta sha ɗaukar laifin da ba nata ba. Kafin a kwance ta, a zare tiyon mai, a buɗe famfon tanki, a ga ko zuba yake ko ɗiga. A duba ƴar kafar iska ta murfin tanki, don in ta toshe babur kan yi tafiya kaɗan ya mutu, da an buɗe murfin ya tashi. A duba soson matatar iska da buji. A CG da ire-irenta na Sin a gwada tazarar bawul, domin bawul ɗin da ya matse yana hana tashi da safe, kowa ya rantse kafireta ce. Sai wuyan da ya haɗa ta da inji: zafi na busar da robarsa ta tsattsage, iska ta riƙa shiga ta sata, inji ya yi ta hawa da sauka shi kaɗai. A masu hayaƙi kuwa, wato injin bugu biyu irin Mate da A100 da DT, in robobin da ke toshe gefen karanshaf sun mutu, ko kafireta goma ka saya ralanti, wato aikin inji babur na tsaye, ba zai zauna ba.

Karanta abin da ke jikinta

Ka wanke ta da fetur da tsohon buroshin haƙori, ka fito da ita rana. Honda da Keihin take zuwa. Yamaha da Suzuki galibi Mikuni ce, wasu Yamaha kuma TK. Mobilet ɗin Faransa Gurtner ce, Vespa kuma Dell'Orto; ta PX 125 da 150 ita ce SI 20/20. Baburan Indiya irin Boxer da TVS da kafiretar da aka ƙera can Indiya suke zuwa, ta kamfanoni irin Ucal. Sunan kamfani a tashe yake fitowa, an zuba shi tare da gangar jiki. Amma ba shi ne ya fi amfani ba. A gefe, kusa da inda kofin mai ke haɗuwa da jiki, akwai ƴan haruffa da lambobi ƙanana da aka buga da ƙarfe. A Keihin sukan fara da irin su PD ko PB ko PC. Wannan lambar ita ce shaidar kafiretar, ita ke nuna girman jiklar da irin allurar da aka sa mata tun daga masana'anta. Ka ɗauke ta hoto da waya, ka kuma rubuta a takarda.

Na Sin sun fi sauƙin ganewa, don kusan dukkansu kwaikwayon Keihin ne, kuma lambarsu na nuna faɗin maƙoshinsu da milimita. PZ19 ta ƙananan injuna ce, daga 50 zuwa 110. PZ26 ta masu 125 ce irin CG, PZ27 ta 150, PZ30 ta 200 zuwa sama. In lambar ta goge, ka sunkuya ka karanta wadda ke jikin inji, ƙasa wajen fedar giya. Inji mai 156FMI ko 157FMI 125 ne, mai 162FMJ 150 ne, mai 152FMH 110 ne, mai 147FMD kuma 70. Harafin ƙarshe shi ke nuna girman inji, lambobi biyu da ke bayan 1 ɗin farko kuma faɗin silinda. Wanda ya san wannan ba ya musu da mai shago a kan ko Kasea ce ko Royal. Inji ɗaya ne aka canza wa tanki.

Ga tarkon da mutane ke faɗawa. Yawancin waɗannan PZ tazarar ramukan notinsu ɗaya ce, wajen milimita 48, saboda haka ta 200 za ta ɗauru tsaf a injin 125. Mai shago ya ce maka "ga shi ta hau, Malam, har ƙarin gudu za ka samu." Ta hau kam, amma maƙoshin ya yi wa injin faɗi, iska ba ta gudun da za ta ja mai yadda ya kamata. Ka murɗa totur babur ya yi shiru kafin ya amsa, ya ƙi jan kaya a yashi, ya kuma ci mai fiye da da.

Don haka awo wajibi ne. Abu huɗu ake aunawa: faɗin bakin da ke kallon inji ta ciki, faɗin bakin da ke kallon matatar iska ta waje, tazarar noti, da tsawonta daga baki zuwa baki. In akwai ma'aunin milimita irin na masu injin feƙe ƙarfe, madalla. In babu, ka yago kwalin sukari, ka shafa baƙin mai kaɗan a bakin kafiretar, ka danna ta a kan kwalin. Zoben maƙoshi da ramukan noti biyu za su fito sarai. Ka juya ta ka yi wa ɗaya bakin haka, ka rubuta lambarta a ƙasa, ka ninke kwalin ka sa aljihu. A duba kuma abubuwan da ake mantawa: cok ɗin na hannu ne ko na waya, ta wane gefe tiyon mai ke shiga, kuma da noti biyu ake ɗaure ta ko cusa ta ake a wuyan roba a matse da zobe.

Abin da ke ci, da abin da ba ya ci

Cikin kafireta goma da aka ce sun mutu, yawancinsu abu ɗaya ko biyu ne suka lalace, kuma ba masu tsada ba.

Na gaba a lalacewa shi ne fuwanto, ƴar allurar nan mai tsini da fulota, abin da ke yawo a kan mai cikin kofi, ke turawa ta toshe mai in kofi ya cika. Shi ne sanadin zubar mai ta ƙasa, abin da ƴan Kano ke kira obafulo. Ka cire shi ka duba tsininsa a haske. In ka ga zobe ya kewaye tsinin, ko farcenka ya ji gurbi, ya gama aiki. A bayansa akwai ɗan ƙarfe mai sifirin. Ka danna, in bai dawo ba shi ma ya gama. A Mikuni irin ta DT, mazaunin fuwanto murɗo shi ake ya fito, don haka tare ake sayensu, allura da gidanta. A ƙananan Keihin kuwa mazaunin a dasa yake cikin jiki, ba ya fita. Sai dai a naɗa auduga a tsinken ashana, a laƙato man goge haƙori, a murza a hankali har tagullar ta yi ƙyalli. Wurin sayen fuwanto tsawo ake dubawa kafin komai. Wanda ya ɗara na asali da milimita ɗaya zai rufe mai da wuri, babur ya riƙa ƙishi a doguwar hanya. Wanda ya gaza kuma kofi ya yi ta ambaliya.

Fulota in ta tagulla ce, ka girgiza ta kusa da kunne. In ka ji ruwa a ciki ta huje. Ka tsoma ta a ruwan zafi, inda kumfa ke fitowa nan ramin yake. Mai gyaran rediyo ko radiyeta zai like shi da ɗigon dalma, amma sai an bar man cikin ya bushe ƙaf, kuma dalmar ta zama kaɗan, don nauyi na canza tsayin mai. Ta roba ba ta gyaruwa, sai sabuwa. Juwan ɗin kofi in na takarda ne ana yanka shi daga takardar juwan da ake sayarwa a shagunan kayan mota. In zoben roba ne, kada a sa na famfon ruwa, fetur na kumbura shi cikin ƴan kwanaki.

Jiklar kuwa ba ya ci. Tagulla ce mai rami, mai ne kawai ke wucewa, zai shekara 40 yadda yake. Abin da ke kashe shi hannun mutum ne. Yaron gareji ya zaro sili ɗaya daga wayar birki, ya zura, ya yi ta murzawa, ramin ya buɗe, lambar da ke jiki ta zama ƙarya. Daga ranar babur ya shiga shan mai da baƙin hayaƙi, kuma ba wanda zai zargi jiklar tunda ga lamba daidai. Toshewa kawai in ya yi, a jiƙa shi a tina ko fetur ya kwana, a busa da iskar mai faci. In ya ƙi, gashin buroshi na roba ya isa.

In dole sai an sayi wani, a san cewa lambar jiklar ba harshe ɗaya take magana ba. A Keihin, 100 na nufin rami kusan milimita ɗaya. A Mikuni mai kai kusurwa shida, lambar yawan man da ke wucewa take nunawa, ba faɗin rami ba. Saboda haka 100 na wannan ba 100 na wancan ba ne. Zaren murɗinsu ma kama yake yi a ido, amma ba ɗaya ba ne. Jikin kafireta gaurayen ƙarfe ne mai taushi. In aka tilasta masa jiklar ɗin da ba nasa ba, zaren ya cinye, to an kashe abin da ba ya sayuwa don a ceci abin da ba shi da tsada. Jiklar ɗin gaske da yatsa yake shiga har kusan ƙarshe, sukudireba na zuwa ne don ɗan matsewar ƙarshe kawai.

Inda hazo ke yin ɓarnarsa sosai shi ne doguwar allura da bututun tagullar da take hawa da sauka a ciki, da kuma buwaso, fistin ɗin da wayar totur ke ɗagawa. Girgizar inji da ƙura suna cin gefen allura, ramin bututun ya tashi daga zagaye ya koma kamar ƙwai. Alamarsa babur ya yi lafiya a ralanti, lafiya a cikakken gudu, amma a tsakiya, inda ɗan kabu-kabu ke wuni, ya riƙa shaƙewa yana cin mai. Allura da bututunta tare ake canza su. Buwaso kuwa ka sa shi a gidansa ka kaɗa da yatsa. In yana ƙwanƙwasawa, iska na bi ta gefensa. Sabon buwaso na rage matsalar in shi ne ya ci. In gidan ne ya buɗe, nan ne za a ce gangar jiki ta gama.

Akwai ledar kayan gyara da ake sayarwa a haɗe: juwan, fuwanto, jiklar biyu, allura, sukurun iska. Shawarata a nan ba ta canzawa. Ka ɗauki roba da juwan da fuwanto, ka mayar da tagullarka ta asali in ba a taɓa zura mata waya ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Jiklar ɗin ledar mai arha sau da yawa ba lamba a jikinsa, in ma akwai ba ta dace da ramin ba, allurar kuma siririntarta daban. Kamfanin Keyster na Japan na yin irin wannan leda mai kyau domin tsofaffin babura, sai dai ba kasafai take isowa nan ba sai an aika.

Inda ake samu

Wurin farko bai wuce taku biyu daga inda ka ajiye babur ba. Duk tsohon bakanike yana da gwangwanin madara ko na tumatir da ya shekara yana zuba ƙananan tagulla a ciki. A nan ake samun jiklar ɗin Japan na gaske, da allurar Mate, da sukurun iska mai sifirin ɗinsa. Ba a kai hannu cikin gwangwanin nan. Gaisuwa ake, a zauna a benci, a nuna abin da ya lalace, a ce "Baba, ko Allah ya sa akwai irin wannan a ajiyarka?" Shi zai zazzage a kan tsumma ya tona. Abin da ya ce a bayar a bayar, don gobe ma za a dawo.

Na biyu su ne shagunan kayan babur na cikin gari, na kewayen Kasuwar Dole da na bakin manyan tituna. In baburka na Sin ne ko CG, buƙatarka ba za ta wuce nan ba, domin kayan PZ sun cika ko'ina, kuma fuwanto da fulota da juwan ɗinsu da dama suna shiga Keihin ta asali, tunda ita aka kwaikwaya. Amma da gwadawa, ba da zato ba.

Na uku, wanda aka fi rainawa, su ne ƴan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa a kilo. Mataccen babur a gunsu nauyi ne kawai. Kafireta mai fasasshen kofi da ba ta da amfani ga kowa tana iya ɗauke da allura da jiklar da ba a taɓa taɓawa ba. In ka ga irin taka, saye ta dungum, ko ba ka buƙatarta yau. Haka nan baburan ma'aikatu da na ƙungiyoyin agaji da ake gwanjonsu in sun tsufa, galibi DT da ire-irenta. Wasunsu hatsari ne ya ajiye su ba tsufa ba, cikinsu garau. Garuruwa irin Mirya da Matamai da Magarya ma kada a raina su. Babur ɗin da birni ya manta da shi, a can yana zaune a zaure ƙarƙashin buhunan gero.

In duk wannan bai yi ba, sai Kano, kimanin kilomita 240, ko ta Matamai da Ɗan Barto da Daura, ko ta Magarya. Kasuwar Ƙofar Ruwa ita ce matattarar kayan gwanjo, dillalan Sabon Gari kuma suna da hannu har Nnewi ta jihar Anambra, wadda ita ce uwar kasuwar kayan babur a Najeriya. A Kano ba wanda zai gane jiklar ko fuwanto ko buji; jet da fulogi suke cewa, ralanti kuma silo. Wannan ma dalili ne na tafiya da abin a hannu. Wanda ba zai je ba, ya tura hoto ta WhatsApp ga wanda ya sani a kasuwar: hoton lamba, hoton abin da ya lalace an ajiye shi kusa da ƙwayar sefa don a gane girmansa, da hoton kwalin awo. In da hali a ba direban tasha tsohon ya tafi da shi. Kuɗin aike ya fi arha a kan sayen abu sau biyu.

A kiyaye abu ɗaya a Kano. Jincheng da ƴan acaba suka yi yayi a shekarun 2000 kwaikwayon Suzuki AX100 ce, kayanta ko'ina akwai. Mai A100 ya ji suna kusan ɗaya ya ɗauka ya tsinci dami a kala. Ba haka ba ne. Kafiretar AX100 a bayan silinda take a fili, ta A100 da ta YB100 kuwa a cikin murfin gefen inji suke a ɓoye, gajeru, masu ɗauri na daban.

Hanyar Kano ba kullum take buɗe ba. Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris 2024. Duk mai tsohon babur ya ji waɗannan watanni a aljihunsa. Shi ya sa in aka samu fuwanto ko juwan da ya dace, biyu ake saye. Ga shi kuma masu ƙerawar kansu suna barin kafireta: tun Afrilun 2020 dokar hayaƙi ta Indiya ta tura yawancin baburan kasuwarsu ga allurar fesa mai ta lantarki, kamfanin Keihin kuma ya narke cikin Hitachi Astemo a 2021. Abin da zai ci gaba da zuwa a yalwace shi ne na Sin, wanda garin Fuding na lardin Fujian ya shahara da ƙerawa. A Pakistan dai har yanzu Atlas Honda na ƙera CG125 da CD70 masu kafireta.

Mobilet hanyarta daban. Faransawa masu sha'awar tsofaffin babura sun sa har yau ana sayar da kayan Gurtner a can, kuma jiklar da juwan ba su fi a sa a ambulan ba, ɗalibi ko ɗan uwa mai dawowa hutu zai taho da su. A gaya masa ya nema da suna biyu, don Motobécane ta koma MBK tun 1984. In Gurtner ɗin ta gama gaba ɗaya, Dell'Orto SHA 15/15 ita aka saba sa wa Peugeot 103 a madadinta, tare da wuyan da ya dace da ita.

A gaban kanta

Kada kunya ta hana ka gwaji. Ka ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan kanta. Allura biyu a jera su kai da kai, a duba tsawo, da inda siririntar ta fara, da yawan gurabun da ake maƙala ɗan zobe. A mirgina sabuwar a kan gilashin kanta. In tana tsalle a karkace take. Jiklar ɗin Keihin na gaske yana da ƴar alamar K mai kama da tauraro kusa da lamba, na Mikuni kuma ɗan murabba'i a cikin wani murabba'in. Don gwada rami, ka ɗauki allurar ɗinki, ka zura a tsohon jiklar ɗin da ka amince da shi a hankali har ta tsaya da kanta, ka riƙe wurin da farce, ka zura a sabon. In ta nutse fiye da haka ramin ya fi faɗi. Ba a dannawa, don tagulla ba ta da ƙarfi.

Kafireta sukutum, sabuwa ko ta gwanjo, ana gwada ta da baki. A riƙe ta a tsaye a busa ta bututun shigar mai, iska ta wuce. A kifa ta a sake busawa, kada ta wuce ko kaɗan. A kaɗa buwaso. A leƙa zaren jiklar da na sukurun iska, a tabbata ba a taɓa tilasta su ba. Wadda aka rubuta wa Keihin Japan ɓaro-ɓaro, tana ƙyalli, kuɗinta bai wuce na PZ ba, PZ ce. A saye ta a matsayin haka in ana so, a kuɗin haka.

Sannan a yi magana kafin kuɗi su bar hannu. "Alhaji, in bai hau ba zan dawo da shi kafin la'asar." Amsar da aka saba ji ita ce, "To ƙanena, in dai mai bai taɓa shi ba." Sharaɗin adalci ne, don haka a gwada ɗauri a bushe tukuna.

In dole sai sabuwa gaba ɗaya

Ga injin bugu huɗu abin da sauƙi: PZ mai girman da ya dace, a buɗe ta tun kafin a ɗaura, a wanke ɓarɓashin ƙarfen da masana'anta ke bari, a duba ko jiklar da allurar tsohuwar za su shiga da yatsa. In sun shiga a mayar da su. Tsohuwar gangar jiki kuma a ajiye, kada a bar wa yaran gareji su kai kilo.

Ga masu hayaƙi kuwa sai an yi hattara ƙwarai, don nan kuskure ba tsayawa a hanya yake jawowa ba, fistin yake ci. Injin bugu biyu da man da ke shiga yake sanyaya kansa. In aka ɗaura masa kafiretar bugu huɗu da jiklar ɗinta, mai ya yi masa kaɗan, zai yi daɗin gudu na ɗan lokaci, sannan a zafin Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura 40, fistin ya kama ko ya huje. Wasu kuma ta jikin kafireta ko wuyanta famfo ke tura man 2T, ta wani ɗan bututu siriri. Sabuwar da ba ta da wannan bututun ta yanke wa inji mai ke nan. Masu cire famfon su koma gauraya mai a tanki su sani cewa a Suzuki masu tsarin CCI famfon na kai mai kai tsaye ga boris ɗin karanshaf, gaurayen tanki ba ya maye gurbin wannan. Wayar totur ma a waɗannan babura biyu take rabuwa, ɗaya ga buwaso ɗaya ga famfo, kuma duk lokacin da aka canza kafireta sai an sake daidaita su bisa alamar da ke jikin famfon.

Wurin ɗaurawa, tun kafin a kwance tsohon sukurun daidaita gauraye a murɗa shi ciki a hankali ana ƙirga zagaye har ya zauna, a rubuta. In ba a yi ba, a fara daga zagaye ɗaya da rabi. Sukurun in yana ɓangaren matatar iska, iska yake bayarwa, fito da shi na rage mai. In yana ɓangaren inji, mai yake bayarwa, fito da shi na ƙarawa. Zoben allura a fara da gurbin tsakiya. Damagaram ba ta kai mita 500 bisa teku ba, saboda haka lambar jiklar ta masana'anta ta wadatar, babu dalilin rage ta da sunan tsimin mai. A sa ƴar matatar mai ta roba a tiyo tsakanin tanki da kafireta, a wanke soson iska a ɗan shafa masa mai. Sai a sa sabon buji, a hau kwalta a yi ƴan kilomita da gudu mai kyau, a tsaya a cire shi. Ƙasa-ƙasa shi ake nema. Baƙi mai toka na nufin mai ya yi yawa, a sauke allura gurbi ɗaya. In ya fito fari fat, musamman a mai hayaƙi, a koma gida a hankali, a sa babban jiklar mai lamba ɗaya sama, a sake gwadawa kafin a ɗora kaya a kama hanyar Mirya.